Likitan Garin Hyde: Tarihin Wani Cin Amana

Duk lokacin da aka yi zancen tsaro a asibiti, hankalinmu kan koma ga maigadi da ƙofa. To amma tarihi ya nuna mana cewa wani sa'in ɓarnar daga ɗakin duba marasa lafiya take fitowa.

Harold Shipman likita ne a arewacin Ingila, ya kuma fi daɗewa a garin Hyde. Daga 1975 zuwa 1998 ya riƙa yi wa majinyatansa, galibi tsofaffin mata, allurar diamorphine fiye da kima, sa'annan ya rubuta takardar shaidar mutuwarsu da hannunsa. A watan Maris na 1998 wata likita ta yi ƙorafin yawan mace-macen, 'yan sanda suka bincika sama-sama suka rufe maganar.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A watan Yuni ya kashe wata tsohuwa mai shekara 81, ya ƙirƙiro wasiyyar da ta mallaka masa dukiyarta. 'Yar marigayiyar, wadda lauya ce, ita ta tona asirin. A shekarar 2000 kotu ta same shi da laifin kisan mutum 15, daga baya kwamitin Mai Shari'a Janet Smith ya tabbatar da fiye da 200.

Sai a 2024 doka ta wajabta wani likita na daban ya riƙa tantance dalilin mutuwa a Ingila. Darasinmu shi ne, hannun da ya ba da magani bai kamata ya zama shi kaɗai ne shaida ba.