Daga Lagireton Tirela Zuwa Matatar Mai

Duk makaniken da ya taɓa kwance lagireto a garejin tireloli na Potiskum ya san aikinsa: ruwan zafi na bin siraran bututu, iska na kwashe zafin. A matatar mai akwai gomman irin waɗannan na'urorin musayar zafi, sai dai can ba iska kaɗai ake bai wa zafin ba. Kananzir da man dizal da suka fito da ƙuna su ne ke ɗumama ɗanyen mai kafin ya shiga tanderu, inda ake kai shi kusan digiri 350.

An daɗe ana jera na'urorin nan bisa ƙwarewa da kintace, don a lokacin mai na da araha. A 1971 Edward Hohmann, ɗalibi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya nuna cewa tun kafin a ja layi ɗaya a takarda ana iya sanin mafi ƙarancin wutar da masana'anta ke buƙata, har da mafi ƙarancin na'urori: a ƙirga magudanan zafi da na sanyi, har da na ɗumamawa da sanyayawa da ake kawowa daga waje, a cire ɗaya. Aikin bai samu kulawar da ta dace da shi ba. Sai da yaƙin Oktoba na 1973 ya ɗaga farashin gangar mai daga kusan dala 3 zuwa kusan 12 sannan kunnuwa suka buɗe.

A 1978 Bodo Linnhoff, Bajamushe, da John Flower na Jami'ar Leeds a Ingila suka fitar da lissafin a fili. Daga nan aka gane cewa galibin masana'antu na da matsatsi, wato inda tazarar zafi da sanyi ta fi ƙanƙanta. Ka'idar da Linnhoff da Hindmarsh suka tsara a 1983, bayan gwaji a kamfanin ICI, gajeriya ce: kada zafi ya tsallake matsatsin, kada a sanyaya a samansa, kada a hura wuta a ƙasansa. A ganina babban abin da aka samu shi ne rushe tsohon zato cewa tattalin mai dole sai da ƙarin ƙarfe; sau da yawa mai da kuɗin gini tare suke sauka.

Tun a shekarar 1978 ɗin ma, Umeda da abokan aikinsa a kamfanin Chiyoda na Japan suka isa ga matsatsin ta tasu hanyar. Chiyoda ɗin ne ya gina matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980.