Tazargade da Giyar Absint: Tasirinsu ga Hankali da Jiki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW).

Mene ne tazargade?

Tazargade ganye ne mai tsananin ɗaci da ƙamshi mai ƙarfi. A ƙasar Hausa da zangunan Ghana, har da nan Tamale, mun gaji jiƙa shi don zazzaɓi da ciwon ciki, wasu kuma su yi hayaƙi da shi. Sunan ya tattara tsirrai da dama na dangin Artemisia. Daga Artemisia annua ne Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka ciro sinadarin atemisinin a 1972, wanda shi ne ginshiƙin magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau, har ta sami kyautar Nobel a 2015. Shi kuwa Artemisia absinthium, wanda Larabawa ke kira afsantin, da shi ake haɗa giyar absint.

Giyar absint

Wannan koriyar giya ta samo asali ne a Suwizalan a ƙarshen ƙarni na 18, kuma kashi 45 zuwa 74 cikin ɗari na abin da ke kwalbarta barasa ce. Da sunan magani ta shigo. An riƙa ba sojojin Faransa ita a Aljeriya a shekarun 1840 don kariya daga zazzaɓi, suka koma gida da jarabarta. Bayan wani mashayi mai suna Jean Lanfray ya kashe matarsa da 'ya'yansa biyu a 1905, Suwizalan ta haramta ta a 1910, Amurka a 1912, Faransa a 1915.

Tasiri ga hankali da jiki

Afsantin na ɗauke da sinadarin tujon, mai toshe hanyar da ƙwaƙwalwa ke bi ta kwantar da jijiyoyi. Idan ya yi yawa yakan kawo amai, jiri, rashin barci da jijjiga irin ta farfaɗiya. Ya fi taruwa a tataccen man ganyen: a 1997 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wani mutum da ya sha kimanin mililita 10 na man, ya yi ta jijjiga, ƙodarsa ta gaza.

An daɗe ana cewa tujon ne ke haukata masu shan absint. Sai dai binciken da aka buga a 2008 kan tsofaffin kwalaben da aka yi kafin haramcin ya nuna tujon ɗin cikinsu bai kai ya yi wannan ɓarna ba. Barasar ce ke gusar da hankali, ta lalata hanta, ta sa mutum jarabar da ba ya iya bari.

Hukunci da darasi gare mu

Ganyen kansa halal ne muddin ba a sha abin da zai cutar ba. Absint kuwa giya ce, ta shiga hanin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Ɗariƙ bin Suwaid ya nemi izinin yin giya don magani, Annabi (SAW) ya hana shi, ya bayyana masa cewa cuta ce.

Ba kasafai ake ganin absint a Tamale ba, amma dabararta na nan: kwalaben bitas, da sassaƙe da saiwoyin da ake jiƙawa cikin akpeteshie, ana tallarsu ga matasanmu a matsayin maganin basir, ciwon baya ko ƙarfin maza. Ɗacin ganye ba ya halatta barasa. Mu duba jikin kwalba kafin mu saya. Idan an rubuta adadin barasa irin na abin sha mai sa maye, mu ajiye.

Masu juna biyu, masu shayarwa, yara ƙanana, masu farfaɗiya da masu ciwon ƙoda su nisanci shan tazargade, man ganyen kuma kada kowa ya sha. Game da zazzaɓin cizon sauro, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa ba ta goyon bayan magance shi da jiƙon ganyen, domin ƙarfinsa ba shi da tabbataccen awo, kuma hakan na iya sa ƙwayar cutar ta daina jin magani. Wanda zazzaɓi ya kama, musamman da damina, ya je a gwada jininsa a asibitin unguwa ko Asibitin Koyarwa na Tamale.

Allah Ya tsare mana hankulanmu da lafiyarmu, amin.