Daidaita Tanƙwarar Baka da Matsayinsa a Tarihin Zazzau ta Suleja

1.0 Gabatarwa

Marubuta tarihin ƙasar Hausa sun fi mayar da hankali ga sarakuna da barade da 'yan lifidi. Dakaren da ke tafe a ƙasa da kwari a kafaɗa ba a cika ambatonsa ba sai a jimlace, balle a tambayi wanda ya sassaƙa masa bakansa. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi mataki guda na wannan sana'a, wato daidaita tanƙwarar ɓangarorin baka biyu, ta kuma nuna dalilin da ya sa masanin tarihin Suleja bai kamata ya raina shi ba. Bakan da ake nufi shi ne na harbi, mai karin sauti ƙasa-sama da dogon wasali a ƙarshe, ba kalmar da ke cikin "adabin baka" ba, wadda karinta sama-ƙasa ne.

2.0 Daga Zariya zuwa Gindin Duwatsu

Lokacin da masu jihadi suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa zuwa Zuba. Tarihin Abuja da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta ya sanya wannan a 1804, wasu masana kuwa sun fi karkata ga 1808. Makau ya rasu a fagen yaƙi kusa da Lapai a 1825, ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828. Garin ya riƙe wannan suna har bayan 1976, lokacin da aka ba sabon babban birnin tarayya sunan, shi kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Abin lura shi ne, har Turawa suka shiga garin a 1902, daular Sakkwato ba ta taɓa cin sa da yaƙi ba. Dalilan suna da yawa, amma yanayin ƙasar yana kan gaba. Ƙasa ce ta duwatsu da rafuka da kurmi, sunan unguwar Kurmin Sarki ma kaɗai ya ishe mu shaida. A irin wannan wuri doki ba ya samun filin sukuwa, wanda kuwa ya laɓe a bayan dutse da baka yana iya tare hanya. Ga kuma Gwari da Koro, mazauna yankin tun kafin zuwan Makau, waɗanda baka da kibiya su ne makamansu na farauta da na yaƙi. Smaldone (1977) ya nuna cewa 'yan baka su ne ƙashin bayan dakaru a yaƙe-yaƙen wancan ƙarni, kuma su ma masu jihadin da baka suka karya dawakin Gobir a Tafkin Kwatto a 1804.

3.0 Aikin Daidaitawa

Bakan wannan yanki icce ne guda, mai kauri a tsakiya, yana sirancewa zuwa kawunansa biyu. Daga cikin itatuwan da aka sani da wannan aiki akwai dargaza da ɗunɗu, akan kuma yi da gora. Matsalar tana farawa tun daga dawa, domin kowane reshe gindinsa ya fi kansa kauri da tauri. Idan aka ɗaura masa tsirkiya yadda yake, ɓangare ɗaya zai tanƙwaru ƙwarai, ɗayan ya tsaya ƙyam. Aikin mai sassaƙa ke nan ya raba wahalar jan tsakanin ɓangarorin biyu, kada wani ya ɗauki kayan ɗan'uwansa.

Idan aka ja baka, bayansa, wato fuskar da ke kallon abin harbi, miƙewa yake yi, cikinsa kuma da ke kallon maharbi ya matse. Saboda haka ba a son a yanke jijiyoyin iccen a bayan, don nan ne tsagewa take farawa. Ragin a ciki da gefe ake yin sa. Bayan icce ya bushe, an yi masa sassaƙar farko da gizago, sai a ajiye gizago a ɗauki wuƙa. Daga nan aiki ya zama na kankara da dubawa: a ɗaura tsirkiya sako-sako, a ja kaɗan, a ƙyalla ido a ga inda icce ya ƙi bi, a kwance, a kankare wurin, a sāke ɗaurawa. Wurin da ya riga ya yi laushi kuwa ba a taɓa shi, sai dai a rage maƙwabtansa har su taya shi.

Me ya sa ake irin wannan taka-tsantsan? Ilimin kimiyya ya bayyana abin da hannun masassaƙi ya daɗe da sani. Taurin icce ba ya raguwa daidai da kaurin da aka cire masa, ya fi haka sauri nesa ba kusa ba. Idan faɗi bai canza ba, aka rage kauri da kashi 1 cikin 10, taurin zai ragu da fiye da kashi 1 cikin 4. Idan aka rage rabi, kashi 1 cikin 8 kawai zai saura. Wuƙa ta zarce sau biyu ko uku a wuri ɗaya, sai wurin ya zama kamar gwiwa, duk tanƙwarar ta taru a nan, ran da aka ja da ƙarfi ya karye. Abin da aka kankare kuwa ba ya komawa. In an raunana ɓangare ɗaya, dole a raunana ɗayan ya yi daidai da shi, sai a wayi gari bakan yaƙi ya zama na harbin ƙadangaru.

A ganina, a nan ne sassaƙa ta haɗu da tarihi. Kibiyar wannan yanki kyauro ce marar nauyi, galibi ba a sa mata gashin tsuntsu da zai gyara mata tafiya a iska. An dogara ne ga dafi, musamman na ƙwanƙwani, wanda ko ƙwarzane ya ishe shi aiki. To amma dafi ba ya amfani sai kibiya ta sami mutum. Idan ɓangare ɗaya ya riga ɗayan komawa bayan an saki tsirkiya, kibiyar za ta fita a karkace, kuma babu abin da zai miƙar da ita. Dakaren da mahayi ya nufo shi ba shi da damar gwaji na biyu.

4.0 Kalmomin Aikin

Sunayen kayan harbi, irin su tsirkiya da kwari da kyauro da dafi, ƙamusu sun adana su tun daga na Bargery na 1934. Sai dai sanin wannan aiki ba a cikin sunaye yake ba, a cikin aikatau yake. Hausa ta bambanta sassaƙa da fiƙewa da kankara, kowanne da yawan abin da yake cirewa daga jikin icce. Ta kuma bambanta iccen da ya tanƙwaru, wato ya bi hannu yadda ake so, da wanda ya karkace, wato ya bauɗe gefe. Ɗalibanmu na yau sukan haɗa su duka su ce "ya lanƙwashe". Na sha gwada su a aji da wannan, nan inda aiki ya kawo ni, kuma waɗanda suka raba kalmomin daidai kusan kullum 'ya'yan maharba ne ko na masassaƙa.