Iyalin Cikin Zuciya: Wata Hanya Ta Taimakon Masu Taimako

Bahaushe yakan ce: "Wata zuciyar ta ce in tafi, wata ta ce in zauna." A kan irin wannan magana aka gina wata hanyar warkar da damuwa ta hanyar hira, wadda ake kira IFS a taƙaice. A Hausa za mu iya ce mata hanyar iyalin cikin zuciya.

Wani masani ɗan Amurka, Richard Schwartz, ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1980. Aikinsa shi ne sasanta matsalolin iyali. Ya lura masu zuwa wurinsa suna faɗin cewa wani ɓangare nasu yana son abu, wani kuma yana ƙi. Sai ya gane cewa waɗannan ɓangarori suna zaune da juna kamar mutanen gida ɗaya. Littafinsa a kan hanyar ya fito a 1995.

Su wane ne mutanen gidan?

Akwai waɗanda aka kulle a ɗaka. Su ne ke ɗauke da tsohon ciwo: tsoro, kunya, baƙin cikin rashin wani. Akwai masu tsaron ƙofa, masu sa mutum aiki ba hutu da kushe kansa, don kada ciwon ya fito. In ya fito duk da haka, sai masu kashe gobara su taso a guje, da faɗa, ko guje wa mutane, ko shan ƙwaya. Bayan su duka akwai maigida, wato ainihin mutum. Ana gane shi da natsuwa da tausayi da son fahimta. Schwartz ya ce babu ɓangaren da yake mugu. Kowanne kariya yake nufi, ko da dabararsa tana cutarwa.

A lura da kyau: ba maganar iskoki ko aljanu ake yi ba. Ɓangarorin nan halin ɗan Adam ne, kowa yana da su, har likita.

Me ya haɗa wannan da Damargu?

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP. Manufarsa ita ce a koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda za su kula da masu ciwon damuwa, manya kuma su riƙa duba aikinsu. Dalili kuwa, ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, kuma a birane suke. Daga Tanut zuwa Damagaram tafiyar kilomita wajen 150 ce. A gundumar Tanut da ta Belbeji, wadda aka cire daga Tanut a 2011, mai sauraron kukan jama'a shi ne ma'aikacin jinya da ungozoma da ɗan sa-kai na ƙauye. Su ma ƴan ƙasar ne. Wasunsu sun ga yunwar 2005 da idonsu, manyansu kuma ba su manta da farin 1984 ba.

Mu ɗauki misali. Wata uwa ta kawo ɗanta mai tamowa a makare, ana tsakiyar damina, rumbu ya ƙare. Ma'aikaciyar jinya ta ji ranta ya ɓaci, ta hau ta da faɗa: "Sai yanzu kika ga damar kawo shi?" Uwar ta sunkuyar da kai, ta yi shiru, mako mai zuwa ba ta dawo ba. A fahimtar wannan hanya, mai kashe gobara ne ya yi magana da bakin ma'aikaciyar. A bayansa akwai wani da aka kulle a ɗaka, mai tuna yaran da suka rasu a hannunta.

Abin da ake koya mata ɗan kaɗan ne, amma yana buƙatar sabo. Ta dakata, ta ja numfashi, ta lura da inda jikinta ya ɗaure, ƙirji ko wuya. Sannan ta tambayi kanta: "Yaya nake ji game da wannan mata?" In fushi ko tsoro ta samu, to wani ɓangare ne ya zauna a kujerar maigida. Ba korarsa za ta yi ba, don in an kore shi ƙara ƙarfi yake yi. Roƙonsa za ta yi ya ɗan matsa gefe, da alkawarin za ta saurare shi bayan an tashi aiki. Alkawarin kuwa dole a cika shi.

Mai duba aiki fa?

A ganina nan ne hanyar ta fi amfani. Sau da yawa mai duba aiki yakan iso da gajiyar hanya, ya buɗe rajista, ya ƙirga kurakurai, ya hau mota ya koma. Shi ma mai tsaron ƙofarsa ne ke aiki, yana tsoron abin da na sama za su ce. Ƙaramin ma'aikaci kuwa sai ya koyi ɓoye kuskure. Idan mai duba aiki ya fara natsar da nasa mutanen gidan, zai iya cewa: "Malama, lokacin da uwar nan ta shigo, me ya taso miki a rai?" Wannan tambaya ba ta hana gyara ba. Za a dai gyara kuskuren, kuma ma'aikaciyar ta san daga inda ya fito. Sai dai mai duba aiki ya tuna shi ba likitanta ba ne. Ba zai tone sirrinta ba, kuma abin da ta faɗa ba ya shiga rahoto.

Iyakar hanyar

Binciken da aka yi a kanta bai yi yawa ba. Wani gwaji da aka buga sakamakonsa a Amurka a 2013, da mutane ƙasa da ɗari masu amosanin gaɓɓai, ya nuna sauƙin ciwo da raguwar baƙin ciki. Gwaji ne ƙarami. Buɗe ɗakin waɗanda aka kulle kuwa aikin wanda ya samu horo na musamman ne, kada kowa ya gwada shi a kan wani. Hanyar ba ta maye gurbin hutu da isassun ma'aikata da magani ba. Mai farfaɗiya, ko mai jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko mai maganar kashe kansa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Daga can, in da bukata, za a tura shi babban asibitin Damagaram.