2.3 Rabon Arziki Tsakanin Rukunonin Jama'a a Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama

Wannan sashe zai duba yadda arziki da talauci suka rarrabu tsakanin al'ummar wannan yanki, tun daga ƙarni na 19. Abin da tarihi ya nuna shi ne, dukiya ta fi taruwa a hannun masu riƙe da kasuwa da jari, masu aikin ƙarfi kuwa kaso kaɗan suke samu.

An kafa garin Jega wajejen shekarar 1820 a hannun Buhari ɗan Abdussalami, shugaban Gimbanawa, bayan ya yi mubaya'a ga Gwandu. Kasancewar garin kusa da Gulbin Zamfara, kuma a kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja, ya sa kasuwarsa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Sakkwato. Ana kawo goro da gishiri da tufafi da dawaki, ana kuma sayar da bayi. A wannan zamani jama'a sun kasu kashi huɗu: sarakuna masu karɓar haraji, attajirai da madugai da dillalai masu cin la'ada, talakawa manoma da masu sana'a, sannan bayi waɗanda ke noma gandayen iyayen gijinsu. Bawa yana iya biyan murgu ya yi wa kansa aiki, ko ya tara kuɗin fansa, amma da wuya ya mallaki gona mai kyau.

Zuwan Turawa ya taɓa wannan tsari ta fuska biyu. Da farko, dokar Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma 'yanta duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, ko da yake sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya. Na biyu, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙaura Namoda a 1929, don haka ciniki ya karkata zuwa bakin dogo, ayarin jakuna ya ragu. Duk da haka, 'yanci bai zo da rabon gonaki ba. Wanda aka 'yanta ba shi da fadama, ga haraji ana biya da kuɗi, sai ya koma ƙwadago ko cin rani.

Bayan ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991, ana ganin irin wannan bambanci a noman albasa da Aliero ta yi suna a kai, da kuma noman shinkafa da gero a ƙauyukan Maiyama. Ƙaramin manomi yakan ci bashin taki da man injin ban-ruwa, don haka dole ya sayar da amfaninsa da kaka, lokacin da kaya suka yi arha. Mai jari kuwa yakan saya ya adana a rudu har farashi ya tashi, sannan ya loda mota zuwa Kudu. Mata da ke cirar ciyawa da sussuka su ne ke samun lada mafi ƙanƙanta.

Saboda haka, talaucin da ake gani a ƙauyukan wannan yanki yana da asali a tarihin mallakar ƙasa da jari. Sashe na gaba zai duba yadda gadon gonaki ya ƙara tabbatar da wannan bambanci.