Dala 25 da Tambarin da Kotu ta Rushe

A shekarar 1870 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa dokar farko ta yi wa tambarin kasuwanci rajista a faɗin ƙasar. Duk ɗan kasuwar da ya biya dala 25 a Ofishin Haƙƙin Ƙirƙira, doka za ta tsare masa tambarinsa har shekara 30. Kuɗin ba kaɗan ba ne a wancan zamani, domin ya zarce ladan lebura na mako guda nesa ba kusa ba. Kamfanin fenti na Averill ne ya karɓi rajista ta ɗaya, da tambari mai hoton gaggafa.

Sai dai majalisar ta ɗora dokar a kan sashen tsarin mulki da ya shafi masu ƙirƙira da marubuta. A 1879 Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Samuel Miller, ta yanke cewa tambari ba ƙirƙira ba ne, ba kuma rubutu ba: abin da ke ba shi daraja shi ne daɗewar amfani da shi a kasuwa. Hujjar kotun tana da ƙarfi, amma 'yan kasuwar da suka biya kuɗinsu bisa amana su ne suka kwana ciki, takardunsu suka zama fanko, suka koma neman kariya a kotunan jihohi.

Dokar 1881 ta tsaya ga cinikin ƙetare da na ƙabilun 'yan asalin ƙasar. Mai sayar da haja tsakanin jihohi bai samu rajistar tarayya ba sai a 1905.