Farar Hula a Gaban Kotun Soja: Daga Bar Beach Zuwa Abakaliki

Wata uku kacal Alhaji Sabo Bakin Zuwo ya yi a kan kujerar gwamnan Kano, daga Oktoban 1983 zuwa ranar 31 ga Disamba da sojoji suka kifar da gwamnatin Shehu Shagari. Ɗaurin da kotun soja ta yanke masa daga baya kuwa, in an tara shi wuri guda, ya kai shekara 300. Kanawa na ba da labarin wannan adadi har gobe. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne irin zauren da aka yanke hukuncin: hafsan soja ne shugaba, alƙalin gaske ɗaya ne a cikin masu zama, kuma babu wata kotu a faɗin ƙasar da za a kai wa kuka.

Ba a kan 'yan siyasa aka fara ba. Da aka gama yaƙin basasa a 1970, bindigogi sun bazu a hannun jama'a, fashi da makami ya addabi birane. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa kotunan musamman na 'yan fashi, soja da ɗan sanda suna zaune kusa da alƙali, ba ɗaukaka ƙara. A bakin teku a Legas, wurin da ake kira Bar Beach, akan kafa turaku, a jera ganguna cike da yashi a bayansu, a ɗaure mutum, jama'a su yi dafifi kamar ranar hawan sallah. A nan aka harbe ƙasurgumin ɗan fashi Ishola Oyenusi a watan Satumban 1971. Mutane sun yi murna, kuma wanda aka taɓa tare wa hanya da dare ba zai ga laifinsu ba. Sai dai tun daga ranar gwamnati ta gane cewa muddin jama'a sun tsani wanda ake tuhuma, ba mai tambayar ta wace hanya aka bi.

A 1984 Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon suka faɗaɗa abin. Doka ta 3 ta kafa kotunan soja na ƙwato dukiyar gwamnati, ta kuma juya shari'a a kai: wanda ake zargi ne zai tabbatar da cewa dukiyarsa ta halal ce, mafi ƙarancin ɗauri shekara 21, Majalisar Ƙoli ta Soja ce mai tabbatar da hukunci. Wato wanda ya kama shi ne ya kafa kotun, shi ne kuma mai magana ta ƙarshe. Ƙungiyar lauyoyin Nijeriya ta ce 'ya'yanta ba za su taka zauren ba. Gani Fawehinmi ya bijire mata ya shiga, don a ganinsa ɓarayin gwamnati sun daɗe suna wasa da kotunan yau da kullum. Hujjarsa ba ta banza ba ce, an yi sata a Jamhuriya ta Biyu, kowa ya sani. To amma tsohon gwamnan Ondo, dattijo Adekunle Ajasin, kotun ta wanke shi, aka sake gurfanar da shi, ta sake wanke shi, duk da haka aka ci gaba da tsare shi ƙarƙashin Doka ta 2, mai ba da damar kulle mutum ba shari'a.

Doka ta 4 ita ce ta ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda kan labarin naɗin jakadu.

Wadda ta fi duka muni ita ce Doka ta 20. Ta sanya hukuncin kisa kan safarar hodar iblis, aka kuma ja ta baya ta hau kan laifin da aka aikata tun ba a rubuta ta ba. Ranar 10 ga Afrilun 1985 aka fito da Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape a Kirikiri aka harbe su. A ko'ina, har a zauren mai unguwa, an san ba a yanke wa mutum hukunci da dokar da aka kafa bayan ya yi laifin. Wannan ƙa'ida aka taka a bainar jama'a, da rana tsaka.

Mulki ya sauya hannu, kotunan ba su tafi ba. Janar Ibrahim Babangida ya ƙaro biyu: ta cin amanar ƙasa a 1986, da ta tarzoma a 1987. Ta biyun ce ta saurari shari'ar Zangon Kataf bayan rikicin 1992, ƙarƙashin Mai Shari'a Benedict Okadigbo, ta yanke wa Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara biyar. An zubar da jini a Zangon Kataf, iyalai da yawa sun cancanci a bi musu haƙƙi. Shari'ar da lauyoyin masu kare kai suka fice daga cikinta, aka kuma toshe ƙofar ɗaukaka ƙara, ba ta gamsar da kowane ɓangare ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta ce an saɓa wa yarjejeniyarta.

Sai 1995, shekarar da abin ya kai maƙura. A Legas, kotun Birgediya Patrick Aziza ta zauna a asirce kan zargin yunƙurin kifar da Janar Sani Abacha. Cikin waɗanda aka gurfanar akwai Olusegun Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa, waɗanda suka tuɓe kaki tun 1979. Akwai Dakta Beko Ransome-Kuti, da Shehu Sani na Kaduna, da 'yan jarida huɗu, Kunle Ajibade da Chris Anyanwu da George Mbah da Ben Charles Obi, waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba. Laifin 'yan jaridar shi ne sun buga labarai kan kamen da aka yi. Ba a bar kowa ya zaɓi lauyansa ba, lauyoyin soja aka ba su. An yanke wa 'Yar'aduwa hukuncin kisa, duniya ta yi ca, aka sassauta zuwa shekara 25. Bai fito da ƙafarsa ba. Yana tsare a kurkukun Abakaliki ya rasu, ranar 8 ga Disamban 1997, gawarsa aka kai Katsina.

A Fatakwal kuma, kotun tarzoma ƙarƙashin Mai Shari'a Ibrahim Auta, da hafsan soja a gefensa, tana sauraron shari'ar Ken Saro-Wiwa da 'yan uwansa kan kisan wasu shugabannin Ogoni huɗu a watan Mayun 1994. Gani Fawehinmi, wanda ya kare kotunan soja shekara goma baya, shi ne jagoran lauyoyin Saro-Wiwa, kuma a ƙarshe tattara takardunsa ya yi ya fice, yana cewa an riga an gama shari'ar tun ba a fara ba. Shaidu biyu sun yi rantsuwa daga baya cewa sayen su aka yi. An yanke hukunci a ƙarshen Oktoba, majalisar mulkin soja ta tabbatar, ranar 10 ga Nuwamba aka rataye mutum tara. Shugabannin ƙasashe rainon Ingila suna taro a Auckland a lokacin, nan take suka dakatar da Nijeriya.

Janar Abdulsalami Abubakar ya rushe yawancin waɗannan kotuna a watan Mayun 1999, gab da miƙa mulki, ya mayar da shari'o'insu manyan kotuna. Sashe na 36 na tsarin mulkin da ya bari ya jero abubuwan da aka hana mutanen nan ɗaya bayan ɗaya: kotu mai zaman kanta, shari'a a fili, lauyan da mutum ya zaɓa, ɗaukar wanda ake zargi a matsayin marar laifi, da haramcin jan doka baya.

Shugaba Goodluck Jonathan ya yi wa 'Yar'aduwa afuwa a 2013, fiye da shekara 15 bayan rasuwarsa. A ranar 12 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya yi wa Saro-Wiwa da sauran takwas ɗin tasu. Masu fafutukar Ogoni suka amsa cewa afuwa ta mai laifi ce, su abin da suke nema shi ne gwamnati ta fito ta wanke mutanensu.